Faifan Blue Monday: na 1983 zan saya wa Baba ko na 1988?

Autan Hajiya: Assalamu alaikum. Mahaifina zai cika shekara 65 a watan gobe. A Manchester ya yi karatu farkon shekarun 1980, kuma garmahonsa na nan garau. Kullum zancensa waƙar Blue Monday ta ƙungiyar mawaƙan New Order, faifansa ya ɓata wajen ƙaura. Yayata tana Ingila, za ta dawo kafin ranar. Ta ce ta ga iri biyu, babban faifai na 1983 da wanda aka sake haɗa kiɗansa a 1988. Kuɗin ɗaya nake da shi. Wanne za ta ɗauko?

Sarkin Data: Ka sauke a YouTube ka haɗa da sifika mana. Meye na wahala?

Autan Hajiya: Yallaɓai, garmaho na ce.

Tsohon Ɗalibi: Yaro, na 1983, kada ka tsaya shawara. Minti 7 da rabi ne. Gangar inji ce kaɗai ke buɗe shi, sai sauran kayan kiɗa su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, murya ba ta zuwa sai an wuce minti 2. Wannan jiran shi ne daɗin. Kamfanin Factory na can Manchester ne ya fitar da shi, jakar baƙa ce mai siffar faifan kwamfuta na da, har da ramukan, babu sunan mawaƙa a gaba. Babanka daga hango jakar zai gane.

DJ Tudun Wada: Alhaji, a gafarce ni, amma na 1988 ya fi shiga jiki. Quincy Jones fa, shahararren mai haɗa kiɗa na Amurka, ya sa hannu a ciki. Ya kai na 3 a jerin waƙoƙin Birtaniya, na asalin a na 9 ya tsaya. Ƙaramin faifansa minti 4 ne da ɗan ɗori, ba a gajiya. Akwai ma na 1995 da Jamusawan Hardfloor suka haɗa, shi ya fi zafi.

Maman Tagwaye: Ni dai ko wanne ne, kada a aiko ta gidan waya. Maigidana na yi wa odar wani tsohon faifai daga waje. Na jira har na cire rai. Da ya iso aka ce sai na biya kuɗin fito, kusan rabin abin da na saye shi. Na biya. Muka buɗe, ashe ya sha zafi a ɗakin ajiya, ya lanƙwashe kamar gurasa. Allura na hawa tana sauka, muryar mawaƙin na rawa. Na tura wa mai sayarwa hoto, ya ce shi lafiya lau ya sallama. Masu kawowa suka ce ba su ba zafin rana. Maigidan ya ce a bar wa Allah. Ni har yau ban huce ba.

Sarkin Data: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Kun ga abin da nake faɗa?

Baban Hanan: An ce a dora littattafai masu nauyi a kai ya miƙe.

Maman Tagwaye: Na ɗora har buhun shinkafa. Bai miƙe ba, jakar ma ta yage.

Ɗan Birmingham: A kan kuɗi, ni fam 15 na sayi na 1983 a shagon tsofaffin faifai. Ba abu ne mai wuyar samu ba, shi ne babban faifan waƙa ɗaya da ya fi kowanne ciniki a Birtaniya.

DJ Tudun Wada: Fam 15 ina! Abokina fam 60 ya biya.

Ɗan Birmingham: To ko dai nasa bugun farko ne mai ramuka a jaka, ko an cuce shi a ciniki. Nawa na baya ne, babu ramuka.

Baban Hanan: Dattijo ɗan 65 da rawar minti 7? Auta, ka haɗa da man zafi cikin kyautar.

Tsohon Ɗalibi: Kai DJ, a ina kake a 1983? Mu a fili muka taka ta, kai a waya ka karanta.

DJ Tudun Wada: Ranka ya daɗe, ba a haife ni ba, amma ni nake tsayawa gaban jama'a duk Asabar ina ganin lokacin da suke komawa kujera. Yanzu wa zai jira minti 2 babu murya?

Maman Tagwaye: Ai ku kuka lalata kunnen mutane. A bikin ƙanwata babu waƙar da ta kai minti ɗaya. Ana fara jin daɗi sai a datse, a sa ƙarar jiniya, DJ ya hau kiran sunan kansa da na masu liƙi. Waƙar amarya ma sai da ya sa mata wata ganga daban har uwar ango ta kasa gane ta.

DJ Tudun Wada: Hajiya, ku tambayi ƙawayen amarya. Kowacce da wayarta a hannu, sa min wannan, cire waccan. Ga mai janareto yana duba agogo. Kuma cikon kuɗina na bikin watan jiya har yanzu ango bai ɗaga wayata ba.

Baban Hanan: Nawa ne cikon? Don ni ma akwai DJ ɗin da ya karɓi kafin alƙalami bai zo ba.