Kafon kabon ko na fibir: abin da masu motoci suka gani da idonsu

Laminu, Yantala

Assalamu alaikum, yayyena da iyayen gidana. Ina da BMW E36 ta shekarar 1996, mai silinda 6, wadda na yi shekara 3 ina tattalinta. A watan jiya wata babbar mota tana ja da baya kusa da kasuwar Wadata ta murƙushe mini kafo, wato murfin inji, kuma mai gyaran jiki ya ce ko an buge shi ba zai koma yadda yake ba. Da yake sakewa ta zama dole, sai na yi sha'awar in sa marar nauyi. Wani mai kawo kaya daga Dubai ya nuna mini iri biyu: na zaren gilashi, wanda muke cewa fibir, da na zaren kabon, baƙin nan mai saƙa kamar tabarma, wanda kuɗinsa ya kusa ninka na farkon sau uku. Abin da ke rubuce a takardar talla na karanta shi. Yanzu so nake wanda ya ɗora ɗayansu a motarsa, ya sha ranar Afrilu da shi, ya gaya mini yadda ta kaya.

Alhaji Mamman, Kwara Kano

Wa alaikumus salam, ɗana. Ni na ɗora na kabon a kan Golf GTI, kuma ba zan ɓoye maka ba, a watannin farko duk inda na tsaya sai samari sun kewaye motar suna shafa shi. Kuskurena shi ne ban yi lissafin rana ba. Wurin aikina babu rumfa, saboda haka motar tana yini a fili tun daga safe har la'asar, kuma da ƙarfe 2 na rana a watan Mayu ba ka iya ɗora tafin hannu a kan kafon, don baƙin abu yana shan zafi fiye da kowane launi. Bazarar farko ba ta ƙare ba sai na ga sheƙin ya dushe, kamar an shafa masa kunun kanwa ya bushe. A ta biyu ya koma rawaya-rawaya, sannan berni, wato man sheƙin da aka fesa a samansa, ya fara saɓulewa daga gefe kamar saɓar maciji.

Daga baya na fahimci cewa rana ba ta cin zaren kabon ɗin kansa. Abin da take ci shi ne rezin, wato ƙaron da ya riƙe zaren, da kuma bernin da ke kansa, kuma idan mai ƙera shi ya yi rowar berni mai tare hasken rana, to a ƙasa irin tamu, inda zafi yake haura digiri 40 makonni a jere, ba zai kai ko'ina ba. Ƙurar hunturu ta ƙara nata, domin yaron da ke wanke mini mota yakan goge ta da busasshen tsumma, kowace safiya yana ƙara zane. Ƙarshenta na sa aka kankare aka fesa masa fenti kalar motar. Ka ga ke nan na biya kuɗin saƙa mai tsada, na sake biyan kuɗin da aka rufe ta.

Malam Hamidu mai gyaran jiki, Bukoki

Alhaji ya faɗi gaskiya, Allah ya ƙara girma. Ni kuma zan yi magana ta fannin wanda kayan ke zuwa hannunsa bayan sun lalace. Laminu, kafin ka ba da ko dala, ka ce a kifar da kafon ka ga cikinsa. Mafi yawan waɗanda ake kawo mana da sunan kabon, idan ka kifar da su za ka ga fibir ne tsantsa, an shimfiɗa ƙyallen kabon falle ɗaya a sama don ado, an zuba rezin da buroshi. Irin wannan nauyinsa da na fibir duk ɗaya ne, wani lokaci ma ya fi, saboda yawan rezin da ya sha. Kabon na ainihi, wanda ake cewa busasshe, ƙyallensa yana zuwa ne da rezin a jiki gwargwadon buƙata, a jera shi a cikin mazubi mai siffar kafon, a zuƙe iska, sannan a gasa shi a wata tanda mai matsi. Shi ne marar nauyin da ake labari, kuma ba a samun sa da kuɗin da aka gaya maka.

Batun gyara shi ne inda suka rabu. Idan fibir ya tsage, ina kankare wurin, in yanka ƙyallen gilashi, in dama rezin da maganin daskarewa, in jera falle-falle, washegari in goge in sa mastik, wato ƙullin da ake cike lotsawa da shi, in fesa fenti, ba wanda zai gane. Kayan aikin ana samun su a nan Yamai, kuma masu gyaran tankin ruwa ma da su suke aiki. Sai dai a bazara da sassafe nake damawa, kuma kaɗan-kaɗan, don zafi yana sa ya daskare a cikin gwangwani kafin in kai buroshi. Kabon kuwa ko na like shi ya riƙe, saƙar ba za ta taɓa haɗuwa ba, tabon yana nan kamar faci a shadda. Yana kuma iya rabuwa ta ciki alhali samansa lafiya lau. Nakan ɗauki tsabar dala ashirin in bi shi da ƙwanƙwasa: inda yake lafiya ƙarar tana fita tsaf, inda ya rabu sai ka ji ta dusashe.

Kada kuma a ɗauka fibir ba shi da nasa. Yana zuwa da tudu da kwari da ƙananan huji-huji, ba ya zama daidai a karon farko, sai an rage nan an cika can. Idan ya faɗa hannun mai son sauri ya lafta masa mastik, rabin nauyin da ka gudu ya dawo.

Zabeiru, Tawa

Ni ba rana ce ta koya mini hankali ba, iska ce. Na sa kafon fibir a kan Honda Civic, na bar shi da makullinsa na tsakiya kawai, don na ga ƙusoshin kulle da ake hudawa ta sama suna ɓata kyan mota. Wata rana na taso daga Yamai zan koma gida, tafiyar da ta haura kilomita 500, na wuce Doso lafiya, na wuce Dogon Dutsi. Tun a hanya na lura gefen kafon yana rawa idan na haɗu da babbar mota, amma na ce ai haka marar nauyi yake yi. Kafin in kai Birnin Ƙwanni, ina kan gudun 120, wata tirela ta gifta ni, sai kawai na ji ƙara kamar an harba bindiga, duniya ta yi duhu. Kafon ne ya tashi ya kwanta a kan gilashin gaba. Ta ƙarƙashinsa, ta wata ƴar tsaga da ba ta fi faɗin yatsu huɗu ba, na riƙa leƙen bakin kwalta har na tsaya, kuma Allah ya sa babu kowa a bayana.

Da na sauka na duba, makullin yana nan a kulle, riƙe da ɗan ƙarfensa. Ƙarfen ne ya ɓalle daga jikin kafon, domin ashe manna shi aka yi a cikin fibir ɗin, gargadar hanya ta yi ta sassauta shi. Da igiyar da wani mai amalanke ya ba ni na ɗaure shi na ƙarasa Tawa. Saboda haka, Yaya Laminu, ko wanne ka zaɓa, ka sa ƙusoshin kulle guda biyu tun ranar farko, a ɗaure su a ƙarfen motar. Ka kuma cire sandunan gas da ke ɗaga kafon, ko ka sa masu laushi, don an yi su ne daidai da nauyin ƙarfe, kuma suna tanƙwara marar nauyi har ya tsage kusa da hinji.

Hajiya Rabi, Filato

Ina so in ƙara lissafi kaɗan, da yake aikina ke nan. Ƙarfe yana da nauyin giram 7.8 a kowane santimita kubik, alminiyom 2.7, zaren gilashi kusan 2.5, zaren kabon kusan 1.8. Wannan ne ya sa McLaren ta gina jikin motar tserenta MP4/1 da kabon a 1981, bayan Corvette ta fito da jikin fibir tun 1953. Amma motar Malam Laminu ta haura kilo 1,300, don haka ko ya rage kilo 10 bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma kusan nauyin lita 13 ta fetur ke nan. Ƙanena ya cire kafon Nissan 350Z ya sa na kabon, sai da muka ɗora duka biyun a sikeli muka ga kusan kunnen doki suka yi, domin na asalin alminiyom ne tun daga masana'anta. Haka na Lancer Evolution yake. Duk mai irin waɗannan motoci ya kai maganaɗisu jikin kafonsa tukuna, idan bai kama ba, ya bar abinsa.

Abdul-Razaƙ, Harobanda

Kada a yi wa kabon taron dangi. Nawa busasshe ne, kilo 6 a sikeli, ni kaɗai nake ɗaga shi, kuma da yake nauyin da aka cire yana sama ne a kan tayoyin gaba, ina jin bambancin a kwana mai tsanani. Shekara 4 ke nan bai canza launi ba, amma motar tana kwana a gareji, tana yini a ƙarƙashin rumfa, ana wanke ta da ruwa da soso mai laushi, kuma na sake masa berni sau ɗaya. Wahalar da na sha a wajen kawowa ce. Wani abokina da ya yi odar irinsa bayan an rufe iyakar Benin a 2023, kayansa ta Lome da Burkina Faso suka biyo, ya biya kuɗin duwan, ya buɗe kwali ya tarar kusurwa ɗaya ta karye, kuma babu wanda ya yarda ya ɗauki laifin. A sa a yi masa akwatin katako kafin ya taso.

Laminu, Yantala

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na koma wurin mai kayan na ce a kifar da na kabon ɗin, kuma abin da Malam Hamidu ya faɗa shi na gani, cikinsa fari fat da zaren gilashi. Ba ni da gareji, motata a ƙofar gida take kwana, don haka na ɗauki na fibir, za a fesa masa fari kamar sauran jikin. Malam Hamidu, ranar Asabar da safe zan kawo maka shi tare da ƙusoshin kulle biyu, kuma zan zo da sikeli, a auna shi kafin mastik da bayansa.