Musayar Waƙa: Katin da Ya Zolayi Samarin Ingila Suka Shiga Soja

Ɗan Zazzau: Salamu alaikum. Jiya na kwana ina kallon tsofaffin katunan wasiƙa na ban dariya da aka riƙa sayarwa a Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, irin zanen Donald McGill da na kamfanin Bamforth. Wani katin ya ba ni dariya har na ƙware. Ga shi, na buɗe fage:

Ɗan kati tafin hannu, amma ya fi ganga ƙara,
Kan sarki na sisin kwabo ya kai shi har karkara.
An zana budurwa ta saƙale hannun soja,
Farin hula na gefe ya yi tsuru, ya rasa hujja.
Ba bulala, ba tsawa, dariya ce makami,
Kafin la'asar saurayi ya nemi alƙalami.

Gwaggo Hauwa: Ɗana, ka bar rabin labarin a tukunya.

Kati zane ya yi kawai, ka tuna gashin tsuntsu fari,
Agustan 1914, a garin Folkestone aka ƙulla shiri.
Tsohon hafsan ruwa Fitzgerald ya tara 'yan mata,
Su miƙa wa marar kaki gashin, ya rasa mafita.
Wai alamar ragwanta ce, a bainar jama'a,
Har sojan da ya zo hutu an ba shi, don ya sa tufafin gida na sa'a.

Kawu Sule: Hajiya, baitinki na ƙarshe ya yi ɗingishi, amma mun yafe. Ni gashin baki ne ya ɗau hankalina, na Kaiser sarkin Jamus da na Kitchener sakataren yaƙin Birtaniya.

Gashin bakin Kaiser ya miƙe sama kamar ƙaho,
Masu zane suka samu nama, kowa ya zo da faho.
Yau a mai da shi kare mai dogon jiki,
Gobe ga ɗan sojan Ingila ya shure shi a ciki.
Shi kuwa Kitchener nasa gashin ba na wasa ba ne,
Ya nuna ka da yatsa, ka ji kamar da kai ɗaya ake zance.

Wannan hoton mai yatsa Alfred Leete ya zana shi, ya fito a bangon mujallar London Opinion ranar 5 ga Satumba, 1914.

Autar Mama: Kawu, mene ne faho? Ƙirƙira ka yi don baiti ya zauna! Bari in kare 'yan uwana gajeru.

Mai gwajin tsawo ya ce ƙafa biyar da inci uku,
Gajere ya koma gida yana cizon yatsa, ya rasa duku.
Garin Birkenhead ya ce ku zo, ƙaramin zakara ma yana faɗa,
Aka buɗe musu bataliya, masu zane suka samu abin raha da guɗa.

Kawu Sule: To, ke ma "duku" daga ina? An yi biyan bashi.

Malam Tanko: Ku yi haƙuri zan ɗan rage muku gishiri.

Abokai 'yan gari guda aka ce su shiga tare,
Makwabci da makwabci, babu mai ware.
1 ga Yuli, 1916, a bakin kogin Somme na Faransa da safe,
Mutum 19,240 na Birtaniya suka kwanta, ba su kai dare ba, an shafe.
Accrington ƙaramin gari, layi-layi aka rufe labule,
Katin nan na kan kanta, wa zai saya ya yi gatsine ko gwale?
Tun Janairun shekarar majalisa ta gaji da lallashi,
Ta yi dokar shiga soja dole, zolaya ta koma bayan gashi.

Gwaggo Hauwa: Malam ka taɓo ni. Kakana ɗaukar kaya ya yi wa sojan Nijeriya a yaƙin Kamaru.

Mu nan ba kati, ba budurwa mai zolaya,
Saƙo ne daga sama ya sauka wurin dagaci, ba tambaya.
Aka ɗora masa akwatin harsashi, ya nufi Garwa a ƙasa,
Ya dawo da tari da kaushi, ba wanda ya zana shi ko da wasa.

Ɗan Zazzau: Allah ya jiƙansa, Gwaggo. Akwai wani katin da ban ambata ba, wanda soja ke aikowa gida daga fagen daga. Hukuma ce ta buga shi.

Ba hoto, ba launi, jimloli ne a jere,
Lafiyata lau, ina asibiti, saƙonku ya iso, duk a tsare.
Ka soke wadda ba taka ba da fensir, ka bar guda,
Ka sa suna da kwanan wata a ƙasan takarda.
In ka ƙara kalma ɗaya taka, ko "ina gaida Inna",
Gargaɗi na rubuce a sama: za a lalata katin, ba zai je ko'ina.