Mitar ruwa mai maganaɗisu tana ba da lissafin da ba ya tsayawa wuri ɗaya

Ma'aikacin matata:
Assalamu alaikum. A ƙaramar matatar ruwa da nake aiki an ɗaura mana mita mai aiki da maganaɗisu a kan bututun roba mai faɗin milimita 200, amma lambobinta hawa da sauka suke yi ko da injin turo ruwa yana tafiya daidai. An kafa ta ne dab da gwiwar bututu, a wurin da layin ya fi tsayi kafin ya gangara cikin tanki. Shin mitar ce ta lalace, ko kuwa wurin ne bai dace ba?

Tsohon injiniya:
Wa alaikumus salam, Malam. A ganina mitar lafiyarta ƙalau, wurin ne matsalar. Irin wannan mita saurin ruwa take aunawa, sannan ta lissafa yawansa bisa ɗaukar cewa bututun cike yake, to kuma iska a wuri mafi tsayi take taruwa, balle inda ruwa yake zubewa cikin tanki ba tare da abin da ke tokare shi ba. Ku sauko da ita ƙasa, ko ku sa ta a bututun da yake tsaye wanda ruwa ke hawa sama a cikinsa. Ku kuma bar mata miƙaƙƙen bututu, ninki biyar na faɗinsa kafin ta da ninki uku bayanta, wato santimita 100 da santimita 60 a naku, domin gwiwa tana murɗa ruwa. Bawul ɗin rage gudu bayan mita ake sa shi.

Mai gyaran na'urori:
Na yarda da Injiniya, sai dai ina roƙon ka leƙa cikinta kafin a mayar. Za ka ga ƙananan ƙarafa biyu suna kallon juna kamar kan ƙusa, su ne ke taɓa ruwa su ɗauko ɗan lantarkin da mitar ke auna saurinsa da shi. A bututun kwance dole su kasance dama da hagu, domin in ɗaya yana sama kumfa za ta raba shi da ruwa, na ƙasa kuma laka ta binne shi. Na taɓa buɗe wata na tarar da laka ta daskare a kansa har sai da na kankare da farce. Tun da bututunku na roba ne, tana buƙatar zoben ƙarfe a ɓangarorinta biyu, a haɗa su da wayar da ke sauke wuta ƙasa.

Ma'aikacin matata:
Na gode ƙwarai. Na duba yau da safe, babu zoben ko ɗaya, kuma na lura ana zuba ruwan alif taku biyu kacal kafin mitar.

Tsohon injiniya:
Wannan ma yana da hannu, domin alif ɗin da bai gama gauraya ba yana sauya yadda ruwa ke ɗaukar lantarki daga daƙiƙa zuwa daƙiƙa. Ku mayar da wurin zuba shi bayan mitar.