Wai ni kaɗai nake gajiya da finafinai masu dogon zango tun kafin su ƙare?

Dan_Kurna:
Salam 'yan uwa. Dan Allah tambaya gare ni kuma amsar gaskiya nake so. Me ya sa finafinanmu masu dogon zango suke farawa da zafinsu amma kafin a kai tsakiya sai ka ji duk abin ya salance? Ni ba ɗan fim ba ne, ɗan kallo ne kawai in na samu sarari da daddare, amma abin nan ya daɗe yana ci min rai.

Kun ga Labarina na Aminu Saira, lokacin da ya fara a 2020 wlh ban taɓa ganin fim ɗin Hausa da ya riƙe ni haka ba, hoto tas sauti tas, ga Nafisa Abdullahi a Sumayya ta iya kukan da ko ba a sa kiɗan tausayi ba sai ka ji shi har cikin ranka, ga Rabi'u Rikadawa a Baba Ɗan Audu, mutumin nan in ya fito haushinsa kake ji saboda son kuɗinsa da rashin ta ido amma kuma duk satin da bai fito ba sai ka ji abin bai cika ba. To da tafiya ta yi tafiya sai aka dinga juya mu a waje ɗaya, masu son Sumayya, yau Mahmud gobe Lukman jibi Presdo, daga baya kuma Nafisa ta fita aka kawo Fati Washa. Ba wai Washa ba ta iya ba, ta iya ƙwarai, amma ni dai zuciyata ta ƙi karɓa, fuskar da na saba da ita a Sumayya ta riga ta zauna min.

Izzar So kuma matsalata da shi Umar Hashim ne. Lawan Ahmad yana ƙoƙari, amma an yi mutum wanda ba ya kuskure ba ya fushi, kullum shi ne mai gaskiya kullum shi ne mai nasiha, to ina ɗan Adam yake a haka? Abin da ya sa nake kallo a farko izzar Hajiya Nafisa ce, Aisha Najamu ta iya raini a fuska, kallo ɗaya za ta yi wa mutum ka san ta gama da shi. Allah ya jiƙan daraktansu Nura Mustapha Waye, aikinsa na farkon ya yi kyau.

Wanda ya fi yi min ciwo Kwana Casa'in ne don shi na fi so. Zangon farko kam babu na biyunsa, yadda aka nuna Gwamna Bawa Maikaɗa da 'yan korensa da yadda ake sayen bakin mutane gab da zaɓe, Sani Mu'azu ya zauna a kujerar nan daram, duk wanda ya taɓa ganin kamfe a arewa ya san Alfawa, inda labarin yake faruwa, ba baƙon gari ba ne. Amma labarin kwana 90 ne kafin zaɓe, tun 2019 aka fara, aka yi zaɓen aka gama aka ci gaba da ƙaro mutane da rigingimu har na daina gane waye da waye.

Toh ku faɗa min, ni ne ba ni da haƙuri ko ku ma haka kuke ji? Sannan wanda ya san wani fim mai kyau da yake da ƙarshe, ko na Hausa ko na waje, ya taimaka min da sunansa.

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Rabin maganarka na yarda rabi kuma gaskiya ban yarda ba. Ai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, akwai fim ɗin da dama can ba a yi shi don ya ƙare ba. Daɗin Kowa tun 2015 Arewa24 suke haska shi kuma ni har yau ban gaji ba, saboda ba labarin mutum ɗaya ba ne, gari ne guda, yau kana gidan Malam Nata'ala da matansa da almajiransa gobe kana wajen Malam Kabiru makaho jibi kana teburin Ɗantani mai shayi ana gulma. Yaran da muka fara gani ƙanana a ciki a gaban idonmu suka girma. Kuma abin da ya fi burge ni yadda suka sa su Stephanie kiristoci a cikin gari ɗaya da musulmi ana maƙwabtaka ana saɓawa ana shiryawa, mu da muka zauna a Jos mun san haka rayuwar take, ba ƙirƙira ba ce. Irin wannan in ka ce a kawo ƙarshensa me za a ƙare?

Labarina kuwa ina ganin ka yi saurin sauka. Da ka daure ka ga lokacin da suka ajiye labarin Sumayya gaba ɗaya suka ɗauko sabo da Sadiq Sani Sadiq a Mainasara, mai kuɗin da ya ɓoye arzikinsa yana neman wadda za ta so shi don Allah. Na san za ka ce tsohon zance ne, eh tsoho ne, amma yadda Sadiq ya yi shi a nutse ba hayaniya ba ɗaga murya, wlh gidanmu har mai gidan da yake cewa kallon fim aikin mata ne sai da ya dawo yana tambaya an saki na wannan satin? Kuma ka ga ai abin da kake nema kenan, an rufe wani labari an buɗe wani a ƙarƙashin suna ɗaya.

Inda nake bayanka ɗari bisa ɗari shi ne maganar tunano baya. Sai a nuna mace ta zauna a bakin gado ta yi tagumi, a maimaito mana abin da muka gani satin da ya wuce kaf, ga waƙa a kai. Wannan kam cin data ne kawai.

Abu_Sadiq_Zariya:
Malam Dan_Kurna ba rashin haƙurinka ba ne, amma ka duba ta inda kuɗin yake shigowa sai ka gane dalili. Da can zamanin su Sangaya da Wasila furodusa zai yi fim na 1 da na 2, in ya yi yawa na 3, a buga a kaset daga baya a sidi a kai Ƙofar Wambai 'yan kasuwa su saya, ya karɓi kuɗinsa ya shiga wani. Dole labari ya ƙare don sai ya ƙare za ka sayar da sabo. Da satar fasaha ta yi yawa, ga masu tura finafinai a waya a kowane lungu, kasuwar sidi ta mutu murus, sai kowa ya koma YouTube da tashoshin talabijin. A YouTube kuwa talla ce take biya, iya yawan masu kallo da iya daɗewar da suka yi suna kallo iya abin da za ka samu, ga kuma tallan 'yan kasuwa da ake sakawa a tsakiyar fim ɗin, na maganin gargajiya da na filaye da na atamfa. To mutumin da ya sha wahala ya tara jama'a suna jiransa duk sati, ka ce ya rufe ya koma ya fara tara wasu daga farko? Ba zai yi ba sai ya ga masu kallo sun fara guduwa.

Ni abin da nake ganin ya fi jawo wa labarin illa shi ne rubutu. Sau da yawa kana kallo za ka gane ba a san ƙarshen ba aka fara ɗauka, ana tafe ana ƙari, in jarumi ya samu saɓani da masu fim ko jaruma ta yi aure sai a kashe su a labari ko a tura su ƙasar waje karatu ko a sauya fuska. Marubuci shi ne ya kamata a fi biya da kyau a ba shi lokaci ya gama tsaf kafin a kunna kyamara.

In dariya kake so ka nemi Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi, zangon farko. Tsoho mai kuɗi da 'ya'ya rututu kowa yana lissafin gado tun yana raye, ko daga tsakiya ka shiga za ka fahimta. Tun rasuwar Ibro a 2014, Allah ya gafarta masa, ban yi dariya da fim ɗin Hausa irin wadda na yi da shi ba.

Ummi_Damagaram:
Yaya ai ba mu kaɗai ba ne fa. Jumong na Koriya da kowa yake yabo kashi 60 aka tsara shi, da ya karɓu aka ja shi zuwa 81, kuma in ka lura wajen ƙarshe za ka ji jan, kullum Daeso yana shirya makirci kullum yana faɗuwa. Ertugrul na Turkiyya zango 5 ne kashi 150 kuma kowane kashi wajen awa 2, na so shi sosai musamman Bamsi da Turgut da wuraren da Ibn Arabi yake fitowa yana nasiha, amma sau nawa aka kama Ertugrul ya kuɓuta? sau nawa aka samu munafuki a cikin ƙabilar Kayi? Ni bayan an kashe Sadettin Kopek kuma Halima ta rasu a zango na 4 da ƙyar na ƙarasa na 5, Osman ɗin da ya biyo baya ko farawa ban yi ba.

Tunda mai ƙarshe kake so koma finafinan Indiya na zama ɗaya. Kalli Dangal na Aamir Khan, 2016, labarin gaske ne na wani ɗan kokawa a jihar Haryana da ya koya wa 'ya'yansa mata Geeta da Babita kokawa duk gari ana zaginsa, har Geeta ta ci zinare a gasar Commonwealth ta 2010. Babu rawar fulawa babu soyayyar banza, za ka iya kallo da iyayenka. Sai Drishyam na Ajay Devgn, uba ne da bai yi boko mai zurfi ba yake kare iyalinsa daga 'yan sanda da dabarar da ya koya a kallon fim, kar ka bari kowa ya ba ka labarin ƙarshensa. Baahubali kuma kashi 2 ne kacal, 2015 da 2017, amma ka haɗa su duka kafin ka fara don inda na farko ya tsaya, wajen da Kattappa ya soki Baahubali, ba za ka iya barci ba.

Shawara ɗaya, Drishyam kam in za ka iya karanta rubutun ƙasa ka kalle shi haka. Fassarar Hausa tana da daɗi a fim ɗin faɗa da barkwanci, amma wani lokacin masu fassarar suna cusa wasa a inda ake kuka sai su kashe wajen.

Dan_Kurna:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Hajiya Maman Ilham zan nemi na Mainasaran in gani, amma maganar Daɗin Kowa har yanzu ina nan kan bakata, ko gari ne ai ana iya rufe labarin gida ɗaya a gama da shi kafin a buɗe na wani, su kuwa sai su bar magana a rataye wata da watanni. Ummi Dangal na gani tuntuni kuma ya yi, Drishyam ne ban gani ba. Na ga akwai na 1 da na 2, dole sai na haɗa su ko na farkon ya tsaya da ƙafarsa?

Ummi_Damagaram:
Na farkon ya tsaya da ƙafarsa yaya, labarin ya rufe tsaf. Na 2 sai 2022 ya fito, shekara 7 tsakani, kuma a cikin labarin ma shekara 7 ne suka wuce aka sake tono maganar. Fara da na 2015 ɗin tukuna.