Markus 9:29 da maganin ɗana: sai na daina ba shi kafin azumina ya karɓu?

Maman Biyu, Zuru

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ni tela ce, maigidana manomi. Ɗana shekararsa 11, yana fama da farfaɗiya tun yana ɗan shekara 6, bayan wani zazzaɓi mai zafi da ya kwantar da shi a damina. Likita ya ɗora shi a kan carbamazepine, safe da dare, kuma wata bakwai cur bai faɗi ba.

A watan Janairu ikilisiyarmu ta shiga azumin kwana 21, daga safe zuwa ƙarfe 6 na yamma. Na sa yaron a gaba cikin roƙona. A rana ta huɗu, bayan taron Zumuntar Mata, wata uwa da nake ganin girmanta ƙwarai ta ja ni gefe, ta buɗe mini Markus 9:29, inda Yesu ya ce irin wannan aljani ba ya fita sai da addu'a da azumi. Ta ce, "'Yata, hannunki ɗaya yana sama, ɗaya yana riƙe da ƙwaya. Wa kike so ya karɓi yabon, Yesu ko mai kemis?" Maganar ta soke ni. Na ɓoye maganin a ƙasan gwangwanin zare, ban gaya wa babansa ba.

Kwana biyar lafiya lau, har na fara tsara shaidar da zan bayar ran Lahadi. A dare na shida muka kwana majami'a muna addu'a, har da shi. Da asuba, ga sanyin hunturu, ya tsuguna yana jin ɗumi a bakin murhun da na ɗora musu kunu, sai kawai ya kife. Yayarsa ce ta finciko shi da riga. Hannunsa na hagu ya ƙone.

Na koma na karanta wurin tun daga aya 14 ina kuka, domin uban da ya kawo wa Yesu ɗansa a wurin, labarin gidana yake bayarwa: faɗuwa, kumfa a baki, cizon haƙora, sandarewa, jefawa cikin wuta da ruwa. Uwar nan ta zo dubiya, ta ce Shaiɗan ne yake ruri don ya ga ya kusa fita, kada in karaya. Ƙanena kuma ya nuna mini wata fassarar Turanci a wayarsa, ta ce "addu'a" kawai babu azumi, a Matiyu 17 ma ta tsallake daga aya 20 zuwa 22. Kaina ya ɗaure.

Na mayar da shi kan maganin. Amma duk sa'ad da na miƙa masa ƙwayar da ruwa, sai in ji kamar ina ce wa Allah ban yarda da kai ba. Shin bangaskiyata ce ta gaza? Kuma ina azumin ya shiga a ayar nan, wa ya cire shi?

'Yar Zumunta, Gusau

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba yaro lafiya. Ni dai kada wani ya raina mini azumi. Shekarun nan da hanyar Tsafe ta zama abin da ta zama, ba abin da ya riƙe mu sai durƙuso. Masu cire ayoyi su je can da iliminsu. Ki ci gaba da azuminki. Batun magani kuwa ba ni da ta cewa, na bar wa masu sani.

Tsohon Malamin Baibul, Dabai

'Yata, sannu da jinya. Bari in fara da mai sauƙin, wato ayar da ta ɓace.

Ba wanda ya sace ta. Da Helenanci aka rubuta Sabon Alkawari, da hannu aka riƙa kwafarsa ɗaruruwan shekaru. Biyu daga cikin kwafe mafi tsufa da suka rage, Sinaitikus da Batikanus, na ƙarni na 4, a rubutunsu na farko Markus 9:29 ta tsaya ne a kan "addu'a", Matiyu 17:21 kuwa babu ita. Yawancin kwafen da suka biyo baya suna da "da azumi". Lambobin ayoyi sai a 1551 aka sa su, a kan rubutun da yake da ayar, shi ya sa fassarar da ta bi tsofaffin kwafen take barin giɓi tsakanin 20 da 22. Masana sun rabu a kan wanne ne na asali. Ni ba na faɗa da kowa a kai, don Yesu ya riga ya ce "in kuna azumi" a Matiyu 6:16, ya ɗauka za mu yi. Saboda haka 'yar'uwarmu ta Gusau ta kwantar da hankali.

Amma ko da kalmar tana nan daram, ki duba wa aka faɗa wa. Ba a gaban taro aka yi maganar ba. Sai da suka shiga gida, almajirai suka tambaye shi a keɓe, don me mu muka kasa fitar da aljanin? Su tara ne da aka bari a gindin dutse sa'ad da ya hau da Bitrus da Yaƙub da Yohanna. A sura 6 an ba su iko, sun fitar da aljannu da yawa, ga alama sun fara ɗauka abin a aljihunsu yake. Su aka tsawata wa, masu hidima. Uban yaron fa? Ba a ce masa je ka yi kwana 21 ka dawo ba. Yesu ya yi masa tambaya irin ta mai duba marar lafiya: tun yaushe abin yake samunsa? Ya ce tun yana ƙarami. Mutumin ma da "in za ka iya" ya yi roƙonsa. Da aka matsa shi, abin da ya fito daga bakinsa a aya 24 shi ne, na ba da gaskiya, ka taimaki rashin bangaskiyata. Da wannan rabin tulun aka warkar masa da ɗa. To wa ya ba wani mudun auna taki?

Na yi shekaru ina koyarwa, abin da ya fi ba ni tsoro shi ne a mai da azumi ciniki: na ba ka yunwata, ka ba ni abin da nake so. Dawuda ya yi azumi ya kwana a ƙasa saboda jaririnsa, a rana ta bakwai yaron ya rasu (2 Sama'ila 12). Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya, aka ce alherina ya ishe ka. Shi Bulus ɗin ya bar Tarofimas da ciwo a Militas, ya kira Luka ƙaunataccen likita, ya kuma ba Timoti shawara a kan ciwon cikinsa. Ba wanda ya ce bangaskiyarsa ta gaza.

Uwar nan na tabbata da ƙauna ta yi. Amma ta ɗauki maganar da aka yi wa almajirai ta ɗora wa yaro ɗan shekara 11. Azumi naki ne, cikinki ne. Maganinsa ba naki ba ne da za ki miƙa hadaya.

Nas, Birnin Kebbi

Baba ya gama magana ta fannin Nassi. Ni ga nawa, Mama, kuma ki yi haƙuri zan faɗa ba kwana-kwana. Yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya jawo faɗuwar da ba ta tsayawa, kuma tana kisa. Kin haɗa masa abu biyu a mako guda, rashin magani da rashin barci. Zazzaɓi da yunwa ma suna tayar da ita, don haka kada a sa shi azumi, kada a kai shi addu'ar kwana.

Ki koma wurin likitansa ki faɗi gaskiyar kwanakin da ya yi ba magani, a duba yadda kika mayar da shi a kai, a duba ƙunar kuma. In ya faɗi: a janye shi daga wuta ko ruwa, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a kwantar da shi ta gefe. Ba cokali a baki, ba ɗura manja, ba danne shi. In ya wuce minti 5, asibiti kai tsaye. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon, ki gaya wa malaman makarantarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 7 cikin 10 masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace. In yaro ya yi kamar shekara 2 bai faɗi ba, likita yakan duba yiwuwar rage maganin sannu a hankali. Shi zai yanke wannan.

Ni ma ina cikin azumin bana, kuma da bakina a bushe nake raba magani a ɗakin marasa lafiya.

'Yar Zumunta, Gusau

Baba, na ji, ranka ya daɗe. Amma har yanzu ni tawa mai "da azumi" zan riƙe.

Maman Biyu, Zuru

Na gode muku duka. Baba, na karanta amsarka sau uku. Ban taɓa lura a cikin gida aka yi maganar ba, kullum ina ganin kamar ni ake nunawa da yatsa a tsakiyar taro.

Abin da ya fi yi mini wuya shi ne gaya wa babansa. Jiya da dare na faɗa masa inda na ɓoye maganin. Ya yi shiru har na fara tsorata, sannan ya tashi ya ɗauko kwalin ya ajiye a kan taga inda kowa zai gani, ya ce daga yau na safe nasa ne, na dare nawa. Ran Litinin za mu koma asibiti.

Azumin ikilisiya ya ƙare, amma na riƙe Laraba don kaina. Uwar nan ban san yadda zan fuskance ta ba tukuna, ga ɗinkin anko na Zumunta yana hannuna, ran Alhamis za ta zo karɓar nata. Yaron ya tambaye ni ko shi ma aljani ne a jikinsa kamar na cikin Littafi. Na ce masa ciwo ne, kuma Yesu ya kama hannun wancan yaron ya tashe shi. Sai ya miƙo mini hannun da bai ƙone ba, ya ce to a kama wannan.