"Tsautsayi ba ya wuce ranarsa": a bakin wa ya dace?

Baban Khalifa, Tudun Wada: Assalamu alaikum. A majalisarmu ta bakin Kasuwar Barci aka tayar da zancen Alec Baldwin, ɗan wasan Amurka da bindiga ta tashi a hannunsa a watan Oktoba 2021, wajen ɗaukar fim ɗin Rust. Harsashin ya kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins, ya ratsa ya samu darakta Joel Souza a kafaɗa. Wani ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, aka rufe zance. Nan ne wurin faɗinsa kuwa?

Malam Na Kawo: Wurinsa ne mana. An ce mataimakin darakta ne ya miƙa masa bindigar, ya ce ba komai a ciki. Ko kotu ma ai ta sallame shi. In ranar mutum ta yi, ko cokali ne sai ya zama sanadi.

Maman Ummi, Unguwar Rimi: Allah gafarta Malam, ba wanke shi aka yi ba. A Yuli 2024 alƙaliya ta kori ƙarar ne saboda masu gabatar da ƙara sun ɓoye wa lauyoyinsa wasu harsasai da aka kawo a matsayin shaida. Ita kuwa Hannah Gutierrez-Reed, mai kula da makaman fim ɗin, wata 18 aka yanke mata. In tsautsayi ne zalla, me ya kai ta gidan yari? Ni yadda na taso na ji, maganar nan ta masu zuwa jaje ce. Uwa ta rasa ɗa, a ce mata haka don zuciya ta yi sanyi. Amma wanda aka ba amanar kaya ya yi sakaci, in ya riga kowa faɗinta, wallahi neman mafaka yake.

Tsohon Soja, Kakuri: Hajiya ta taɓo wurin. Karin maganar da ta fi zama daram a nan ita ce "kama da wane ba ta wane". 'Yan fim suna da harsashi iri biyu. Akwai mai albarushi ba kai, don ƙara da wuta. Akwai mai kai ba albarushi, don kyamara ta gani kamar na gaske. Wannan na biyun, ka ajiye shi kusa da mai rai, wato harsashin gaske, ido ba zai raba ba. Shi ya sa ake jefa 'yar ƙwayar ƙarfe a ciki. Ka girgiza shi a kunne ka ji kacau-kacau. Wanda ya yi shiru, ajiye shi gefe. Ɗaya bayan ɗaya ake yi, gaban wanda zai riƙe bindigar. Aikin minti nawa ne? Mai rai kuma, irin wanda ya kashe Hutchins, ba shi da abin da ya kawo shi wurin tun farko.

Kar ma a raina na farkon, mai albarushi ba kai. Brandon Lee, ɗan Bruce Lee, a 1993 haka ya tafi wajen ɗaukar fim: kan harsashi ya maƙale a bututu ba wanda ya leƙa, aka ɗura mai albarushi aka harba, ya tunkuɗo shi ya same shi a ciki. Ɗan fim Jon-Erik Hexum kuwa a 1984 da wasa ya ɗora bindiga mai irin wannan harsashin a gefen kansa ya harba, ƙarfin fashewar kaɗai ya fasa masa ƙoƙon kai.

Abba Rigasa: Baba, shi ya sa 'yan bindigan hawan Sallah a Zariya suke ɗaga baki sama ko su karkata ƙasa ke nan? Na ɗauka ado ne.

Tsohon Soja, Kakuri: Ba ado ba ne, ɗana. Bindigar toka ko albarushi kaɗai aka ɗura, tsumman da aka danna a kai fitowa yake da wuta.

Malam Na Kawo: Na ji, amma kar ku mai da karin magana mai laifi. Bahaushen da ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa shi ne dai ya ce kula da kaya ya fi ban cigiya. Ɗaya kafin abu ya faru, ɗaya bayan ya faru.

Maman Ummi, Unguwar Rimi: To Malam, bayan ya faru ɗin ma, wa ke faɗa wa wa? Mijin marigayiyar in ya faɗa, haƙuri ne. Mai loda bindigar fa?

Malam Na Kawo: Ita sai dai ta ce Allah ya yafe mata. Amma Baldwin, har yanzu ina kan bakana.