Me Lambar Yabo Ke Ƙara wa Kamfani?

A tattaunawar da wasu masu kamfanoni suka yi kan lambobin yabo na sana'a, bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa babban amfanin lamba shi ne shaida. In kai ka yabi kayanka, talla ce. In wasu alƙalai na waje suka yaba, mai saye ya fi sakin jiki, musamman idan kamfanin sabo ne. An kawo misalin tauraron Michelin, wanda aka fara bai wa gidajen abinci a Faransa a 1926: ana sake duba shi duk shekara, ana kuma iya ƙwace shi, shi ya sa yake da daraja.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun tallatawa. Wani ya ce kofinsu ya shekara a saman kabad yana shan ƙura, ko abokan cinikinsu ba su sani ba. Shawarar da aka ba shi: ya sa tambarin a takardun neman kwangila da ƙasan saƙonnin imel, ya aika wa 'yan jarida labarin a makon da aka ci, ya kuma ambaci ma'aikatan da suka yi aikin. A rubuta shekarar ma. Misali a Birtaniya, shekara 5 kawai ake amfani da tambarin King's Awards for Enterprise, wato lambar yabon da Sarkin ƙasar ke bai wa kamfanoni.

An ja kunne game da lambobin da kuɗi ke saya. Ni dai a ganina, in ba a bayyana sunayen alƙalai ba, gara a haƙura da shiga.